Kwana Arba'in a Bakin Kududdufin Kuza

Shekara talatin ina buga hatimi a gidan waya na Jos,
hannuna ya san tawada, bai san ƙotar fartanya ba.
Da na ajiye aiki sai ga ni a Kuru,
kan ɗan fegin da babana ya bari
a bakin kududdufin da masu haƙar kuza suka bar wa kwaɗi.

Mudu biyu na koren wake na auno,
ƙwayoyi ƙanana, kamar carbi ya tsinke a kwano.

Bara na ce ai ni ɗan boko ne.
Na goya famfon feshi kamar jariri,
na zaga gona sau ɗaya, na koma gida na kunna rediyo.
Bayan sati huɗu na dawo.
Aya-aya ce ta tarbe ni tun daga bakin hanya,
harƙiya ta shimfiɗa tabarmarta ta miƙe ƙafa,
balasar da na tsige na yar a kan dutse
ta sha raɓar dare, ta sake kama ƙasa.
Waken nawa kuwa yana can ƙarƙashi, ya yi rawaya,
baƙo a gidan ubansa.
Abin da na girba bai cika hular sanyina ba.

Ngo Chundung ta leƙo ta kan shingen ƙerana.
Ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi.
Ta ce, "Malam Nalado, ciyawa ba ɓarawo ɗaya ba ce,
kai kuma ƙofa ɗaya ka kulle."

Bana na fara tun ƙasa na bushe.
Na kifar da ita, na bar rana ta gasa saiwar tofa,
na tsince 'ya'yan aya-aya ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman kwabonsa a kasuwa.
Ruwan farko ya sauka, ban shuka ba.
Na bar munafukan suka leƙo, kore shar,
na share su, sannan na ɗauko iri.

Nanret, malamar gona, ta zo a kan babur, taɓo har gwiwa.
Ta auna tsakanin layi da igiya, ta ce in matse su.
Ta auna magani da murfin kwalba,
kaɗan, sau ɗaya, kafin tsiro,
kuma kada iska ta kai shi ruwan da shanu ke sha.
Sauran aikin, ta ce, na ƙugunka ne.

Kwana ashirin: firi.
Fartanyar marigayiya Sahura na ɗauko daga bayan ƙofa,
ƙotar ta loɓa daidai inda yatsunta suka saba zama.
Nawa ba su dace da gurbin ba,
amma zuwa azahar mun fahimci juna.

Ngo ta ba ni dami uku na tattakar acca,
na shimfiɗa tsakanin layuka, na toshe wa ciyawa hasken rana.
Kwana talatin da biyar: maimai,
ƙanƙara ta kore ni, na fake a ƙarƙashin dutse
ina lissafin gaɓoɓin da ke yi mini ciwo.

Ranar arba'in, da sassafe, hazo bai tashi ba,
na tsaya na nemi ƙasa ban gan ta ba.
Ganye ya kama hannun ganye.
Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi:
wata aya-aya, siririya, fara fat,
tana miƙa wuya ba ta kai ba.
Waken ya karɓi gadin gidansa.

Yanzu kwanson ya yi baƙi, yana ƙas-ƙas in rana ta take.
Baɗi masara zan sa a nan, waken ya koma gefen dutse,
kada ciyawa ta haddace adireshina.

Jiya na ga ƙashin yawo guda a bakin shinge, ya fara fure.
Na riga na wanke hannu, shayi yana hucewa.
Na koma.